Yadda Ake Haɗa Sanwicin Tuna Ya Wuni Bai Jiƙe Ba

Sanwicin da aka haɗa da ƙarfe bakwai na safe don a ci da ƙarfe ɗaya na rana zai yi awa shida a naɗe cikin jaka. A tsawon wannan lokaci, duk ruwan da ke yawo a cikinsa wuri ɗaya yake nufa, wato burodi. Tsokar burodi tamkar soso take, cike da ƙananan ramuka, ga sitaci mai son ruwa, don haka cokali ɗaya na ruwa ya isa ya mayar da yankan ƙasa jagab, ya manne da takarda, ya dagargaje a hannu. Galibi mayonis ake ɗora wa laifin, alhali ba shi ne babban mai laifi ba. Mayonis na ainihi yawancinsa mai ne. A Amurka ma doka ba ta yarda a sa masa wannan suna ba sai man da ke ciki ya kai kashi 65 cikin 100, wasu kuwa suna kusantar 80. Mai a hankali yake shiga burodi, kuma ba ya narkar da shi yadda ruwa ke yi. Ruwan da ke ɓata sanwici daga cikin kifin tuna kansa yake fitowa, da kayan lambun da aka yanka, da abubuwan tsami da ake zubawa a haɗin, sai kuma gumin da ke taruwa a cikin abin da aka naɗe shi. Wanda ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ya toshe, ba ya bukatar rage mayonis har kifin ya bushe masa a baki.

A fara da kifin

A jikin gwangwani akan rubuta nauyi biyu: na duk abin da ke ciki, da na kifin bayan an tsiyaye shi. Gwangwani mai gram 145 yakan ba da kifi wajen gram 100, sauran ruwa ne ko mai. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Abin da aka saba yi shi ne a danna murfin a kan kifin, a kifar da gwangwanin, ruwa ya zuba, a ce an gama. Wannan ruwan da ke kewaye da kifin kawai yake fitarwa. Akwai wani da ke maƙale a tsakanin zaren tsokar, kuma shi ne mai ɓarna. Ana dafa tuna a cikin gwangwaninsa a zafin da ya haura digiri 110 na ma'aunin Salsiyas, kuma tsokar da ta sha irin wannan wuta ba ta iya riƙe ruwa gam. Sako-sako take ɗauke da shi. Da an ɗan matse ta, ko gishiri ya taɓa ta, ko ta jima a ajiye, sai ta sake shi. Matsin da sanwici ke sha a jaka tsakanin littattafai da kwalbar ruwa kaɗai ya isa.

Saboda haka tacewa biyu ake yi. A juye kifin a mataci mai ƙananan ido, a ɗora a kan kwano, a farfasa shi da cokali mai yatsu don ruwan ciki ya sami hanya, sannan a danna da bayan babban cokali har ɗigon ya tsaya. A bar shi minti biyar yana tsiyaya. Daga nan a shimfiɗa tishun kicin falle biyu ko uku a faranti, a baza kifin a kai, a rufe da wani fallen, a danna da tafin hannu. Idan tishun ya jiƙe sharkaf, a sauya a sake. Inda ake tsayawa shi ne lokacin da tishun ya fito da danshi kaɗan, ba jiƙaƙƙe ba, kifin kuma yana warwatsuwa idan aka motsa shi. Kada a wuce nan. Kifin da aka matse har ya zama gari zai bukaci mayonis mai yawa kafin ya ciwu, a koma gidan jiya. Wanda ba shi da tishu zai iya amfani da tsaftataccen farin ƙyalle mara gashi, amma ya wanke shi nan take, don ƙarnin kifi ba ya sakin yadi da sauƙi.

Irin gwangwanin da aka saya ma yana da tasiri. Tuna mai manyan gunduwa ya fi saurin tacewa, kuma ya fi zama a bushe, a kan wanda aka dagargaza ƙanana, domin ƙananan ɓarɓashi sun fi riƙe ruwa a jikinsu. Wanda ke cikin mai ya fi dacewa da sanwicin da za a ɗauka a tafi da shi, tunda abin da zai rage a jikinsa bayan tacewa mai ne. Duk da haka shi ma a tace shi sosai, in ba haka ba man zai ratsa burodi da takarda ya ɓata jaka, kuma a rage masa mayonis da kusan rabin babban cokali. Wanda ke cikin ruwan gishiri shi ya fi bukatar tacewa biyun nan, kuma ba ya bukatar ƙarin gishiri ko kaɗan. Akwai kuma tuna da ake sayarwa a jakar foyil maimakon gwangwani. Ruwansa kaɗan ne tun daga kamfani, dannawa ɗaya da tishu ta wadatar.

Haɗin

Ga sanwici biyu, gwangwani ɗaya mai gram 145 zuwa 160 ya isa. Bayan an tace, a zuba mayonis babban cokali ɗaya da rabi, in ya yi yawa biyu (babban cokali a nan mai mililita 15 ake nufi). A fara da ɗaya, a juya, sannan a ƙara. Haɗin da ya yi daidai yana tsayawa a kan cokali idan aka karkata shi, ba ya zamewa, ba ya sheƙi da ruwa.

A yi amfani da mayonis cikakke. Wanda aka rage wa mai, da ruwa da sitaci aka cike gurbin man, kuma bayan 'yan awanni yakan saki wani ɓangare na wannan ruwan. Haka yogot: yana da daɗi a haɗin, amma yana tsatsafo da ruwa idan ya zauna. Wanda ya fi son yogot ya nemi mai kauri, ya zuba shi a mataci da aka shimfiɗa wa tishu ya kwana a firiji, kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin haɗawar, sauran mayonis.

Tsami yana gyara tuna, amma ruwan lemon tsami da binega ruwa ne su ma. Rabin ƙaramin cokali bai da laifi. In ana son ƙamshin lemon ya fito sosai, a kankare koren bayan ɓawonsa da abin goga mai laushi a zuba, ba tare da an kai ga farin ciki mai ɗaci ba. Ƙamshi ne tsantsa babu ɗigon ruwa. Mustad rabin ƙaramin cokali ma yana ba da tsami da yaji, kuma yana taimaka wa haɗin ya kama jikinsa. Kokwambar da aka jiƙa a binega, da masarar gwangwani, da zaitun, duk a tace su a danna a tishu kamar yadda aka yi wa kifin, domin kowannensu yana zuwa da ruwan kwalbarsa.

Gishiri ne ake yawan mantawa da shi a lissafin. Duk inda gishiri ya haɗu da ɗanyen kayan lambu, yana jawo ruwan da ke cikinsu waje. Shi ya sa haɗin da ya yi kauri da safe yakan tsinke da rana ba tare da an ƙara masa komai ba: gishirin kifi da na mayonis sun yi awanni suna tatsar albasa da seleri (wani kayan lambu mai dogon kara mai ruwa). Magani biyu ne. Ko dai a taƙaita ɗanyun kaya a cikin haɗin, kada su wuce babban cokali biyu ga gwangwani ɗaya, ko kuma a sa gishirin ya yi aikinsa tun kafin a haɗa. A yanka albasar ƙanana, a barbaɗa mata ɗan gishiri, a bar ta minti goma, a ɗauraye, a matse a tishu. Ruwanta ya fita, yajinta ma ya ragu, kuma ba za ta cika jaka da wari ba.

Akwai dabarar da masu sayar da sanwici da yawa ke yi: a zuba garin busasshen burodi babban cokali ɗaya a cikin haɗin. Shi zai shanye ruwan da kifin ya ƙara saki daga baya, kafin ya isa ga yankan burodin. Ba a jin sa a baki idan bai wuce cokali ɗaya ba. Ya kai biyu, haɗin zai yi danƙo. Gwaiduwar dafaffen ƙwai guda ɗaya da aka murmushe tana yin kusan wannan aikin, tare da ƙarin garɗi.

In da hali, a yi haɗin tun da dare, a rufe a sa a firiji. Da safe za a ga ɗan ruwa ya taru a gefen kwanon ko a ƙasansa. A karkata kwanon a tsiyaye, ko a tsane shi da tishu, sannan a juya. Wannan ruwan da ya fita a kwano, da a cikin burodi zai fita. Ƙari a kan haka, haɗin ya yi sanyi, kuma sanyin nan yana da amfani daga baya. In ba a yi da dare ba, ga gwaji mai sauƙi: a ɗora cokali ɗaya na haɗin a busasshen faranti, a bar shi minti goma. Idan aka ga farin ruwa ya zagaye shi, bai shirya shiga burodi ba.

Tumatir, kokwamba da latas

Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne, kokwamba da latas sun kai 95. Amma ba daidai suke sakin sa ba. Ganyen latas da ba a yanka ba yana riƙe ruwansa, abin da ke jiƙa burodi shi ne ruwan wankin da ya rage a jikinsa. Tumatir da kokwamba kuwa da zarar wuƙa ta ratsa su sun fara zuba.

Gaskiyar magana, tumatir bai dace da sanwicin da zai yi awa shida a naɗe ba. Abu mafi sauƙi shi ne a yanka shi a ƙaramin mazubi daban, a saka lokacin ci. In ya zama dole ya shiga tun da safe, a zaɓi mai tauri mai tsoka, a raba shi, a ƙwaƙule 'ya'yan da ruwan da ke kewaye da su, a yanka tsokar, a jera a tishu na minti goma, a juya ɗaya gefen ma ya tsane. Kokwamba a tsaga ta gida biyu a tsaye, a kankare tsakiyar mai 'ya'ya da ƙaramin cokali, sannan a yanka. Karas da aka goga, da kabeji da aka yanka siriri, da tattasai, sun fi su haƙuri nesa, kuma suna ba da ƙaras-ƙaras ɗin da ake nema a kokwamba.

Latas a wanke shi da wuri, a girgiza, a shimfiɗa a tsaftataccen tawul, a tsane kowane ganye gaba da baya har cikin lungunan jijiyarsa. A bar shi falle-falle, kada a yayyanka. Busasshen ganye cikakke yana da aiki babba a gaba.

Burodi da shingensa

Burodi mai laushi siririn yanka shi ya fi saurin faɗuwa. Ba shi da ƙarfin jiki, kuma ruwa kaɗan ke ratsa shi daga fuska zuwa fuska. A nemi mai tsoka a cike, wanda idan aka danna da yatsa yake dawowa, a yanka shi kaurin santimita ɗaya da rabi. Burodin alkama da ba a cire wa dusa ba, da burodi mai tsami, da duk wani mai ɓawo mai tauri, sun fi jurewa. Mulmulallen burodi ko dogo mai ɓawo yana da fifiko guda: ɓawon ya kewaye shi ta waje, ko cikinsa ya ɗan yi laushi hannu ba zai sani ba. A irin wannan ana iya ƙwaƙule tsokar kaɗan don haɗin ya sami wurin zama, kada ya fantsamo ta gefe. Burodin jiya ya fi na yau, saboda ya ɗan bushe kuma ya fi yankuwa. Wanda ya fito daga gashi da ɗuminsa kuwa sam bai dace ba, tunda har yanzu tururi yake fitarwa.

Gasa burodi yana taimakawa, amma a nan ne aka fi yin kuskure. Gashi yana busar da fuskar yankan ya sa ta yi tauri, ruwa ya daɗe kafin ya shiga. Sai dai idan aka ɗora haɗi a kan yanka mai zafi, ko aka kwantar da shi a faranti, ko aka naɗe shi da ɗumi, tururin da ke fita daga cikinsa ba shi da wurin zuwa, sai ya koma ruwa a jikin burodin. Abin da zai fito ya fi wanda ba a gasa ba muni: jiƙaƙƙe kuma mai tauri wajen tauna. A gasa sama-sama, har ya fara sauya launi kawai. Mafi kyau a gasa fuska ɗaya a busasshen kasko, wadda za ta kalli ciki, a bar ta waje da laushinta. Sannan a jingina yankan a tsaye ko a ɗora a kan raga inda iska za ta ratsa ta kowane gefe, a jira minti biyar zuwa goma har ya huce sarai. Kada kuma a sa ran zai kai rana yana ƙaras-ƙaras. Ba don haka ake gasawa ba, don ya riƙe siffarsa ne.

Bayan burodi sai shinge. Ruwa da mai ba sa haɗuwa, don haka shafin mai a fuskar burodi yana hana ruwa shiga. Bota ya fi komai a wannan aiki: kusan kashi 80 cikin 100 nasa mai ne, kuma yana daskarewa idan ya yi sanyi, ya toshe ramukan burodin. Ƙaramin cokali ɗaya, wajen gram 5, ya isa yanka ɗaya. A fito da shi daga firiji da wuri ya yi laushi, don mai tauri yana yaga burodi yana barin gurabe. A shafa wa yanka biyun duka, na sama da na ƙasa, tun daga wannan gefe har wancan, har kusurwoyi. Wurin da wuƙa ta tsallake, nan ruwan zai bi. Narkakken bota ba ya aiki, domin shigewa cikin burodin yake yi maimakon ya zauna a fuskarsa. Majarin mai tauri yana maye gurbin bota, amma mai laushi na cikin roba da aka rage wa mai rabinsa ruwa ne. Siririn shafin mayonis ma shinge ne, ko da yake bai kai bota ba. Yankan cuku mai tauri da ya rufe fuskar burodin gaba ɗaya shi ma yana tarewa.

A birnin Nis na ƙasar Faransa akwai sanwicin tuna da ake kira pan bagnat, wanda da gangan ake barin burodinsa ya sha man zaitun da ruwan tumatir, har a danne shi da nauyi ya jima kafin a ci. Bai dagargajewa saboda burodin mulmulalle ne mai ɓawo mai ƙarfi, kuma yawancin abin da ya sha mai ne. Wanda ya gwada haka da burodi mai laushi ba zai sami abin riƙewa ba.

Jeri

A ajiye yankan ƙasa, fuskar bota a sama. A ɗora busasshen ganyen latas da ya rufe shi duka, gefen ganyen mai zurfi yana kallon sama don ya tare duk abin da ya tsiyayo. Sai haɗin kifi, wajen gram 65 zuwa 70 ga kowane sanwici, a baza daidai, a bar kamar rabin santimita a gefe babu komai, domin zai bazu da kansa idan aka danna. In akwai tumatir ko kokwamba, a kan kifin suke zama, a tsakiya, kada su taɓa burodi. Ba a barbaɗa musu gishiri. Sai wani ganyen latas ko yankan cuku, sannan yankan sama, fuskar bota a ƙasa. A danna a hankali sau ɗaya kawai.

Yankawa gida biyu tana buɗe sabbin fuskokin burodi da babu bota a kansu, kuma daidai nan haɗin yake taɓa su. In ba dole ba, a bar sanwicin ɗungurungum. In za a yanka, a yi da wuƙa mai kaifi a ja ɗaya, a goge ta, sannan a mayar da ɓangarorin biyu su haɗe kafin a naɗe.

Naɗi da ɗauka

Ledar naɗe abinci mai mannewa tana hana iska shiga, amma tana hana danshi fita. Duk gumin da sanwicin ya yi a cikinta yake tsayawa, ya kwanta a bayan burodin. Takardar da ake shimfiɗawa wajen gasa burodi ko takarda mai kakin zuma ta fi, domin tana tare mai kuma tana barin burodin ya ɗan sha iska. A naɗe da ita tsam, a lanƙwasa bakunan ƙasa, sannan a sa a mazubi mai tauri wanda girmansa ya yi daidai da sanwicin. Mazubin shi ke kare shi daga matsi, kuma an riga an ga abin da matsi ke yi wa kifi. Idan mazubin roba ne mai rufewa ruf, a shimfiɗa tishu falle ɗaya a ƙasansa ya shanye gumi. Foyil yana riƙe siffa da kyau, amma shi ma ba ya numfashi, don haka a sa takarda daga ciki, foyil daga waje. A kwantar da sanwicin a jaka, kada a tsayar da shi a gefensa, in ba haka ba duk danshin zai gangara gefe ɗaya.

Abu mai zafi ba ya zama mazubi ɗaya da sanwici. Dafaffen ƙwai da bai huce ba, ko wani abinci mai ɗumi a ɗaya sashen mazubin, zai cika shi da tururi. Yankakkun 'ya'yan itace ma a ba su nasu mazubin.

Sai sanyi, wanda ya wuce batun jiƙewa ya shiga batun lafiya. Ƙwayoyin cuta suna saurin yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 4 da digiri 60 na ma'aunin Salsiyas. Shawarar ma'aikatar aikin gona ta Amurka ita ce kada abinci mai lalacewa ya wuce awa biyu a wajen sanyi, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Ga tuna akwai ƙarin dalili. Tsokarsa tana da wani sinadari da ƙwayoyin bakteriya ke juyawa zuwa wani mai cutarwa da ake kira histamin idan aka buɗe gwangwani aka bar kifin cikin ɗumi. Wanda ya ci zai iya ganin fuskarsa ta yi ja da zafi, da ciwon kai, da ƙaiƙayi ko ƙuraje, wani lokaci cikin 'yan mintuna. Ɗumamawa ba ta kashe histamin, kuma ba lallai ne kifin ya yi wari ba. Mayonis na kwalba, saboda tsaminsa, ba shi ne ke fara lalacewa ba. Kifin ne, da abin da hannu ya ɗauko ya zuba a ciki. A wanke hannu kafin haɗi, a yi amfani da cokali mai tsafta.

Don haka sanwicin da zai wuce awa biyu yana bukatar jaka mai riƙe sanyi da abin sanyaya guda biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Kwalbar ruwa da ta kwana a firiza tana iya zama ɗaya daga ciki, da rana kuma ta zama abin sha. Amma ƙanƙara tana gumi yayin da take narkewa, kuma wannan gumin yana ratsa takarda. A naɗe kwalbar da ƙaramin tawul, kuma sanwicin ya kasance cikin mazubinsa, kada takardarsa ta taɓa ta kai tsaye. A nan ne haɗin da ya kwana a firiji yake biyan bashinsa, domin sanwicin ya fara tafiyar da sanyinsa, ƙanƙarar riƙewa kawai za ta yi. In akwai firiji a inda aka je, a saka shi da isa, a fito da shi minti goma kafin ci don botan ya saki.

Haɗawa tun da dare, da raba kaya

Ana iya haɗa sanwicin gaba ɗaya da dare, amma da sharaɗi: burodi mai ƙarfi, bota gefe zuwa gefe, babu tumatir, babu kokwamba. Ko a haka, firiji yana sa burodi ya yi saurin tsufa, domin sitacinsa ya fi saurin taurarewa a irin wannan sanyin fiye da a ɗaki. Dare ɗaya ba komai, biyu kuwa za a ji a baki. Abin da ya fi shi ne a gama duk shiri da dare, wato haɗin, da tsane latas, da fito da takarda da mazubi, a bar jerin kawai zuwa safe, aikin minti uku. Haɗin tuna yana kwana uku zuwa huɗu a firiji a rufaffen mazubi. Ragowar kifi kuma a juye shi daga gwangwanin zuwa mazubi mai murfi. Firiza ba wurin wannan sanwici ba ce: mayonis yana rabuwa ya saki ruwa idan ya narke, latas kuma ya yi yaushi ya zama ruwa.

Ga tafiya mai nisa, ko ga wanda ko ɗan laushin burodi ba ya so, hanyar da ba ta da kuskure ita ce kada burodi da kifi su haɗu sai lokacin ci. Haɗin a ƙaramin mazubi mai murfi kusa da ƙanƙara, burodin da aka riga aka shafa wa bota a takarda, fuskokin botan suna kallon juna, a can sama nesa da sanyi, latas da tumatir a nasu wurin, da ƙaramin cokali. Ga yara ƙanana wannan kan zama ɓarna, gara a haɗa musu a gida a mulmulallen burodi mai ɓawo.

In duk da haka ya jiƙe

Inda ya jiƙe shi ke nuna abin da ya faru. Idan yankan ƙasa ne kaɗai, daga tsakiya, kuma yana ƙarnin kifi, tacewar ba ta isa ba, ko haɗin ya saki ruwa daga baya. A ƙara dannawa a tishu, a sa garin burodi. Idan jiƙewar tabo-tabo ce mai ɗan ja, tumatir ya taɓa burodi. Idan gefuna da kusurwoyi ne suka jiƙe tsakiya na nan lafiya, botan bai kai gefe ba, ko haɗin ya yi yawa ya malalo. Idan bayan burodin ne ya yi damshi alhali cikinsa a bushe, ba laifin kifi ba ne, gumi ne: ko an naɗe da ɗumi, ko leda ce, ko ƙanƙara ta jingina da shi. Idan burodin ya yi duhu yana maiƙo amma bai dagargaje ba, man gwangwani ne ya rage, a tace sosai a rage mayonis. Idan kuma ya lotse ya baje, haɗin ya fito ta kowane gefe, matsi ya sha a jaka, kuma mazubi mai tauri kaɗai zai gyara wannan.